Aibin da Ke Cikin Kwanso: Batirin Lithiyam da Amanar Mai Ƙira

Duk wanda ya sayi waya, ko fitilar sola, ko abin ajiye caji, ya biya kuɗin wani abu da bai ga cikinsa ba, kuma ba zai taɓa gani ba. Batirin lithiyam a liƙe yake barin masana'anta, domin iska da laima maƙiyansa ne, kuma wanda ya farke shi don ya duba ya kashe shi ke nan, in ma bai tayar da gobara ba. Batir biyu suna iya zuwa da girma ɗaya da nauyi ɗaya da rubutu ɗaya, su kunna waya daidai wa daida a ranar farko, amma ɗaya ya kumbura tun shekara ba ta zagayo ba, ɗayan kuwa ya yi shekaru yana bauta. Babban kaso na abin da ya raba su yana kwance ne a wani shafe da ke jikin sinadaran ciki, wanda kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba. Tambayar da nake son bi ita ce, wannan shafen da ido ba ya gani, wanda kuma ba za a san amfaninsa ba sai bayan ciniki ya daɗe da ƙarewa, kyauta ce da mai ƙira zai yi in ya ga dama, ko kuwa haƙƙi ne a wuyansa? Ra'ayina shi ne haƙƙi ne. Tsawon ran batir da amincinsa suna cikin abin da aka sayar, kamar yadda ƙarfin cajinsa yake ciki, kuma wanda ya san yadda ake kare su, ya ƙyale, sannan ya yi shiru, ya tauye wa mai saye awo.

Sai an fahimci yadda batirin yake cin kansa kafin a gane nauyin maganar. A cikinsa akwai falle biyu sirara da aka naɗe tare: na tagulla, wanda aka shafa wa garin girafayit, wato baƙin abin nan na cikin fensir, shi ne anod, da na alminiyam, wanda aka shafa wa garin ƙarfe mai ɗauke da lithiyam, shi ne katod. Tsakaninsu akwai wani tantanin roba mai ƙananan ƙofofi, sai ruwan batir da ya jiƙa su duka, kuma wannan ruwan yana kama wuta. In ana caji, lithiyam yana barin katod ya bi ta ruwa ya shige cikin girafayit. In ana amfani da wutar, ya dawo. Matsalar ita ce, a ƙarfin lantarkin da batirin yake aiki, ruwan ba ya iya zama lafiya da girafayit mai cike da caji. Da zarar sun haɗu sai ruwan ya fara ruɓewa. A bisa lissafi, irin wannan batir bai kamata ya yi kwana biyu ba. Abin da ya cece shi shi ne, tarkacen wannan ruɓewar yana daskarewa a jikin girafayit ya zama wata fata siririya, wadda ke barin lithiyam ya wuce amma ta hana ruwan ci gaba da taɓa girafayit, sai ruɓewar ta lafa. Emanuel Peled na Jami'ar Tel Aviv ne ya bayyana wannan fata a shekarar 1979, a 1990 kuma Jeff Dahn da abokan aikinsa a Kanada suka nuna irin ruwan da ke samar da ita mai kyau a kan girafayit. Cajin farko, wanda ake yi a masana'anta a hankali, yana cinye kusan kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na lithiyam wajen gina ta. Amma ba ta gama ginuwa har abada. Girafayit yana kumbura da kusan kashi goma cikin ɗari duk lokacin da ya cika, ya saɓe in ya zazzage, fatar ta tsage, sabon ruwa ya shiga tsagar ya ruɓe, a sake asarar wani lithiyam. Wannan shi ne yawancin abin da muke kira tsufan batir. Kamfanin Moli Energy na Kanada ya ga ƙarshen abin da rashin fata mai kyau yake jawowa: batiransa na tsantsar ƙarfen lithiyam suna tsirar da ƙananan tsinkaye daga ciki, a 1989 wata waya ta kama wuta a Japan, aka janye kayan, kamfanin ya durƙushe. Batirin da Sony ya fitar kasuwa a 1991, bisa aikin John Goodenough da Akira Yoshino, ya kauce wa tsantsar ƙarfen ne saboda irin wannan haɗari.

Da masana suka gane cewa ran batir yana rataye da abin da ke faruwa a saman ƙwayoyin garin nan, sai suka daina jiran ruɓewa ta yi musu shafe, suka fara yinsa da gangan. A ɓangaren katod bala'in iri dabam ne. Gishirin da ke cikin ruwan batir, in ya sami ko ɗigon laima, yana haifar da wani asid mai cin jiki, shi kuma ya riƙa zaizayar ƙarfen katod, musamman manganis. Narkakken ƙarfen ya ƙetara ya lalata fatar anod. In caji ya yi sama sosai, saman ƙwayoyin yana sakin oksijin, ya rikiɗe ya toshe wa lithiyam hanya. Wajen shekarar 2000 Jaephil Cho da abokan aikinsa a Koriya ta Kudu suka nuna cewa shafa wa garin lithiyam da kobalt siririn lulluɓi na oksayid ɗin alminiyam yana sa shi riƙe ƙarfinsa da daɗewa. Irin waɗannan shafe-shafe, tare da gyaran da aka yi wa garin kansa da ruwan, suna cikin abin da ya sa batirin waya ya tashi daga bolt 4.2 zuwa 4.4 da ɗoriya ba tare da ya rushe nan da nan ba. Garin lithiyam da ƙarfe da fosfet, wanda ɗakin binciken Goodenough ya bayyana a 1997, kuma wanda a yau shi ne cikin yawancin manyan batiran sola, da farko ba ya kai lantarki yadda ya kamata. Sai da Michel Armand da abokan aikinsa a Kanada suka lulluɓe kowace ƙwaya da siririn kabon sannan ya zama abin sayarwa. Akwai kuma dabarar da Tuomo Suntola na ƙasar Finland ya ƙirƙiro a 1974 don wani aiki dabam, wadda ake jera shafe da ita zubi bayan zubi, kowane zubi kusan kashi ɗaya cikin goma na nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Shi ma tantanin tsakiya, wanda robarsa ke narkewa wajen digiri 130, ana shafa masa garin tangaran don kada ya tsuke ya bar fallen biyu su haɗu in zafi ya tashi. Maginan ƙasar Hausa sun san gaskiyar wannan tun da daɗewa: sukan shafe bangon ƙasa da makuba ta kwasfar ɗorawa, domin sun san ruwa daga fata yake fara cin gini, kuma kwanan soro a hannun abin da aka shafa masa yake.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan sana'a shi ne, kariyar ba ta yiwuwa sai da gwargwado. Oksayid ɗin alminiyam ba ya kai lantarki. In aka shafa shi da kauri, batirin ya tsira daga zaizaya amma ya kasa aiki, domin lithiyam ba zai sami hanya ba; in aka yi shi da ramuka, asid ya bi ta ramukan. Masu gwaji sukan samu cewa zubi kaɗan ne ake buƙata, ƙari a kai kuma ɓarna ne. Alƙur'ani ya ambaci irin wannan a Suratu Saba, inda bayan an tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe aka umarce shi ya yi sulke cikakku, ya kuma auna saƙar zobbansu. Malaman tafsiri sun bayyana awon da cewa kada ƙusa ta yi siranta har ta riƙa rawa a cikin zobe, kada kuma ta yi kauri har ta fasa shi. Ana iya wucewa a kan ayar a ɗauka labarin mu'ujiza ce kawai, amma abin lura shi ne umarnin ya sauka har kan daidaiton ƙusa, a kan kayan da wani ne zai saka, wanda zai shiga fagen fama yana dogaro da aikin da bai iya bincikawa ba. A Suratul Anbiya an faɗi dalilin koya masa sana'ar, wato don ta kare mutane daga cutar yaƙinsu. Kyautata abin da ke tsare ran wani, har a wurin da shi bai gani, yana cikin abin da aka umarci Annabi da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa injiniyan da ke auna zubin shafe ya fita daga wannan babi ba.

A fiƙihun ciniki maganar ta fi fitowa sarari. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, kuma ya kore mai algus daga jama'arsa. Mutumin bai yi ƙarya da baki ba, bai kuma jiƙa abincin da hannunsa ba. Laifinsa shi ne ya san abin da ke ciki, ya bar saman ya yi magana a madadinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta haramta algus da ɓoye aibi, ta kuma ɗora wa masu sana'a lamunin abin da suka kaɗaita da shi. Imam Malik kuma, a cikin Muwaɗɗa, ya halatta sayar da dilar kaya a ɗaure bisa takardar da ta siffanta abin da ke ciki, saboda kwance kowace dila yana da wahala kuma yana ɓata kaya. Cinikin yana tabbata ne in kayan sun dace da takardar. Batir dila ce da ba a kwancewa ko bayan an saya, saboda haka duk halascin cinikinsa ya koma kan gaskiyar siffar da aka rubuta. To me ake rubutawa? Ana rubuta yawan cajin da yake ɗauka a ranar farko, wani lokacin ma ƙarya: ƙaramin batirin nan mai siffar ɗan yatsa da ake kira 18650, mafi kyawunsa bai wuce mAh 3,500 da 'yan kai ba, amma kasuwa cike take da masu ɗauke da 9,900. Ko inda lambar gaskiya ce, ba kasafai ake faɗin sau nawa zai yi caji kafin ya gaji ba. Lissafi kaɗan yana nuna girman abin da aka bari a ɓoye. Batirin da ke asarar kashi ɗaya cikin dubu na lithiyam ɗinsa a kowane caji, bayan caji 500 kusan kashi 60 cikin ɗari ne zai rage masa. Wanda ke asarar kashi ɗaya cikin dubu goma zai rage da kashi 95. A ranar ciniki babu na'urar ɗan kasuwa da za ta bambance su, alhali kaya biyu ne mabambanta.

Mai ilmi zai iya kawo suka daga cikin mazhabar kanta, kuma suka ce mai ƙarfi. Mukhtasar na Khalil ya ce aibin da ba a iya ganewa sai an canza kayan, kamar cin ƙwaro a cikin itace, ko lalatacciyar ƙwaya a cikin kwansonta, ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi. Ashe batir ba shi ne ainihin wannan ba, tunda ba a sanin cikinsa sai an fasa? Amsar tana cikin dalilin hukuncin. Malamai sun sauke wa mai sayarwa nauyi a nan ne saboda shi da mai saye daidai suke a rashin sani. Manomi bai shiga cikin kokwamba ya zuba ɗaci ba, bai kuma san wacce ce mai ɗacin ba. Mai ƙera batir kuwa shi ya zaɓi garin, shi ya yanke shawarar a shafa ko a bari, shi ya san yawan laimar da ya ƙyale a ɗakin haɗawa, shi ya san ko ya gajarta cajin farko don kaya su fita da wuri, kuma yana da sakamakon gwajin da ya nuna masa ƙarshen abin. Inda ɗaya ya sani ɗaya bai sani ba, an fita daga babin kokwamba an koma babin tsibin abinci. Wanda hukuncin Khalil zai iya yi wa rangwame shi ne ɗan tireda a Kano ko Maraɗi da ya sari kwali bai san abin da ke ciki ba, muddin bai rantse a kan abin da bai sani ba. Shi ma rangwamen yana ƙarewa ranar da masu saye suka fara dawo masa da kumburarrun batira daga kwali ɗaya, ya ci gaba da sayarwa.

Suka ta biyu daga injiniyoyi take zuwa: manyan gobarar da duniya ta sani ba rashin shafe ne ya jawo su ba. Batiran kwamfuta kusan miliyan goma da aka janye a 2006, ƙirar Sony, ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga cikinsu a masana'anta. Wayar Galaxy Note 7 da Samsung ya daina yi a 2016, wasu batiranta kusurwar fallensu ce ta lanƙwashe saboda matsi, wasu kuma tsinin walda ne ya huda tantani. Motocin Chevrolet Bolt da aka janye a 2021, yagewar wani sashe na anod ce da naɗewar tantani a cikin batir ɗaya. Jiragen Boeing 787 da aka dakatar daga Janairu zuwa Afrilu na 2013, maganin da aka yi musu ya haɗa da akwatin ƙarfe mai bututun fitar da hayaƙi waje. Wannan duk gaskiya ne, kuma wanda ya ce shafe shi kaɗai zai hana gobara ya yi wa mutane alkawarin da ba zai cika ba. Yawan tallar da ake yi wa sababbin shafe-shafe ma, da sakamakon ƙananan batiran ɗakin gwaji, ya wuce abin da aka tabbatar a manyan batira. Sai dai sukar ba ta rushe hujjata ba, faɗaɗa ta ta yi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aibobi a cikin kwanso yake, inda mai saye ba shi da ido, kuma mai ƙira ne kaɗai yake da ikon hana shi. Sannan gobarar batir mataki-mataki take tafiya: fatar anod ta fara narkewa wajen digiri 100 tana ƙara zafi, tantani ya saki, katod ya fitar da oksijin ya ciyar da wutar daga ciki, wanda shi ya sa kashe ta ke da wuya. Duk shafen da ya jinkirta mataki ɗaya ya ƙara damar da zafin zai huce kafin ya kai ga na gaba. Hukumar kashe gobara ta birnin New York ta ƙidaya mutum 18 da suka mutu a 2023 a gobarar irin waɗannan batira, galibi na kekuna masu lantarki da ake caji a cikin gidaje. A irin wannan hali minti biyu na jinkiri yana iya zama abin da ya ba mai barci damar kaiwa ƙofa.

Akwai kuma wanda zai ce, cikin kyakkyawar niyya, duk wannan wahala a kan me? Kowane batir zai mutu, shafe jinkiri kawai yake yi, kuma gobarar da aka ƙaddara babu makawa sai ta tashi. Rabin farko na maganar daidai ne, masana ma ba su musa ba. Babu wanda ya hana batir ruɓewa, rage mata gudu ake yi. Amma in ƙarewar abu hujja ce ta ƙin kyautata shi, to babu aikin da zai saura a duniya. Ƙissar Zulƙarnaini a Suratul Kahfi ta warware wannan. Ya tara guntayen ƙarfe har suka cike tsakanin duwatsu biyu, ya sa aka hura wuta har suka yi ja, sannan ya kwarara narkakkiyar tagulla a kai ta cike kafofi ta ɗaure ginin, har waɗanda aka yi shingen don tare su suka kasa hawa suka kasa hudawa. Da ya gama, ya danganta aikin ga rahamar Ubangijinsa, kuma a numfashi ɗaya ya faɗi cewa in wa'adi ya zo za a baje shi. Sanin cewa shingen zai faɗi bai sa ya rage tagulla ba. Shekarun da shingen ya tsaya su ne rahamar, domin a cikinsu mutane suka yi noma suka yi barci. Haka shekara biyar da shafe ya ƙara wa batirin da ke riƙe firjin allurar rigakafi a asibitin ƙauye. Batun ƙaddara kuwa, hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mutumin da aka ce ya ɗaure raƙumarsa sannan ya dogara ya wadatar, sai dai a nan akwai ƙari: mai raƙumar da kansa zai yi asara in ya yi sakaci, mai ƙera batir kuwa sakacinsa a ɗakin wani yake tashi. Mutum yana iya yin tawakkali da dukiyarsa yadda ya so. Ba shi da izinin yinsa da ran maƙwabci.

Sukar da ta fi damuna ita ce ta talaka. Shafe kuɗi ne, busasshen ɗaki kuɗi ne, gwaji kuɗi ne, kuma mutumin da ke da abin sayen batir mai arha kawai, in aka hana shi, an bar shi cikin duhu. Ba na raina wannan, kuma ba na cewa kowane batir sai ya zama na ƙoli. Halal ne a ƙera mai gajeren rai a sayar da shi da arha, in an faɗi gajartar. Mai saye ya san aljihunsa. Abin da ba ya halatta shi ne a sayar da gajeren rai da sunan dogo, ko a rage abin da ke hana gobara, domin wutar ba ta tsayawa a kan wanda ya yarda da cinikin. Sannan arhar kanta abin dubawa ce. Wanda ya sayi batir sau uku a cikin shekarun da ɗaya mai kyau zai yi, sau da yawa ya biya fiye da mai hali, ya kuma biya a lokutan da bai shirya ba. Bayansa akwai wasu masu biya da ba a shawarta ba. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, wani kaso daga ramukan hannu a yankin Kolwezi, inda rahoton ƙungiyar Amnesty na 2016 ya nuna yara suna aiki. Lithiyam kansa yanzu ana haƙarsa a Najeriya, har an buɗe masana'antar sarrafa shi a Jihar Nasarawa a 2024. Batirin da ya mutu a rabin kwanakinsa ya zubar da rabin gumin waɗannan mutane a bola, kuma wannan almubazzaranci ne ko da wanda ya yi shi bai ga abin da ya zubar ba. Na san ƙarin inganci yakan jawo ƙarin amfani, ta yadda haƙar ba lallai ta ragu ba. Amma haƙar da ta haskaka gida shekara goma da wadda ta haskaka shi shekara uku ba ɗaya ba ne a ma'auni.

Saura tambayar ko kasuwa da kanta za ta gyara wannan, tunda kamfanin da kayansa ke mutuwa zai rasa masu saye. Wani lokacin tana gyarawa, musamman inda suna ke da daraja kuma ake ba da garantin shekaru, kamar a motoci. Amma gobarar da ba ta tashi ba babu mai gode wa kowa a kanta, kuma batirin da ya daɗe yana jinkirta ciniki na gaba. A 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, sun haɗa kai suka ƙayyade ran ƙwai a awa 1,000, suna cin tarar wanda nasa ya zarce. A 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wayoyin da batirinsu ya tsufa, don kada su riƙa mutuwa ba zato. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25, kuma laifin da aka kama shi da shi shi ne bai sanar da masu wayoyin ba. Hukumar da ba ta karanta Risala ba ta isa inda Risala ta tsaya. Musulmi ma tun farko ba su bar wannan ga tsoron Allah na ɗan kasuwa kaɗai ba, duk da cewa shi ne tushe. Yahaya ɗan Umar ya rubuta hukunce-hukuncen kasuwa a ƙasar Tunisiya ta yau tun ƙarni na uku na Hijira, kuma aikin muhtasibi, wato mai sa ido a kan kasuwa, shi ne ya cusa hannu inda mai saye ba zai iya ba. Bambancin kawai shi ne hannun yanzu ɗakin gwaji ne. Tarayyar Turai, tun daga Yunin 2025, ta wajabta cewa batirin wayar da za a sayar a cikinta ya jure caji aƙalla 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa, a kuma rubuta adadin a takardar da mai saye zai gani. Ƙasashen da ba su da irin wannan sharaɗi su ne kayan da suka kasa cika shi za su fi samun hanyar shiga, kuma kasuwanninmu na cikinsu. Gwajin ba ya fin ƙarfin hukumar kula da ingancin kaya ko sashen kimiyya na jami'a. Caji da zazzagewa sau 800, in kowane zagaye awa biyu ne, wata biyu da 'yan kwanaki yake ci, kuma Jeff Dahn da ɗalibansa a Jami'ar Dalhousie sun nuna cewa in aka auna abin da ya shiga batir da abin da ya fito da matuƙar daidaito, ana iya jera batira daga mai dogon rai zuwa mai gajere cikin 'yan makonni. Samfuri kaɗan daga kowace kwantenar da ta sauka a tashar jirgin ruwa ta Legas sun isa a fara, in dai za a buga sakamakon da sunan kayan a inda mai sari da mai saye za su karanta.